Idon Lamba Huɗu

Kishin da ke sa namiji leƙen abin da ba nasa ba mugun ciwo ne, kuma shi ya ci Bakanike.

Ranar da aka ɗauki Dogo aikin tuƙa motar ɗaga kaya a babban sito, Bakanike na tsugune yana ɗaure wa wani robot, wato na'ura mai aiki da kanta, taya. Injiniya, 'yar manajan wurin, ta zo wucewa. Dogo ya taka birki, ta ɗago ta dube shi, ta yi masa murmushin da Bakanike ya shekara biyu yana nema bai samu ba.

Ita ta tsara robot shida masu gadin siton. Dokarsu ɗaya: kowa ya tsare layinsa, ya gaya wa 'yan uwansa abin da ya gani. Mai yin haka su taimake shi. Wanda ya bar layi ya ɓoye labari, su ma su hana shi nasu. Ta ce lissafi ya nuna mata ko na'ura ba ta riƙe amana sai ta san cuta ba za ta amfane ta ba.

Da soyayya ta ƙullu tsakanin Dogo da Injiniya, Bakanike ya buɗe cikin robot Lamba Huɗu, mai gadin ƙofar baya, ya karkata shi, ya sa shi ya riƙa bin masoyan lokacin hutun rana yana turo masa hoto da murya. Shi kuwa yana bayan kwalaye, zuciyarsa na tafasa.

"Dogona, ka ci abinci?"

"Na gan ki ai, Batirina. Na cika fam."

"Ji shi. Sunkuyo mana, wuyana ya gaji da kallonka."

Har saƙon da ta rubuta masa wata rana robot ɗin ya hango: "Baba ya ce ba zai ba direba ba. Ni dai ban canja ba. Ko mu yi abinmu ba da saninsa ba?"

Dogo ya amsa: "A'a, Batirina. Uban da ya raine ki ba zan sa shi kuka ba. Zan jira, ko shekara nawa ne."

Bakanike bai tsaya kan amsar ba. Kishi ya rufe masa ido, ya kwashi komai ya kai ofis.

"Ranka ya daɗe, ga abin da ake yi a bayan idonka."

Manaja ya kalli hotunan sati uku ɗaya bayan ɗaya. Bai ga inda Dogo ya taɓa ko yatsarta ba. Saƙon nan kuwa sau biyu ya karanta shi, sannan ya kira 'yarsa.

Ta duba, ta ce, "Baba, wannan idon Lamba Huɗu ne. Sati uku kenan 'yan uwansa sun yanke hulɗa da shi, ina ta neman dalili. Ashe ƙofar baya ba mai gadi kullum da rana."

Manaja ya juyo kan Bakanike. "Ka bar min ƙofa a buɗe don ka yi gadin wadda ba taka ba?"

Ya aika aka kira Dogo. "Yaro, na ji amsarka. Turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Uban ya dafa kawunansu ya ce Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su 'ya'ya masu kunya.

Bakanike kuwa ya rasa aikinsa, ya rasa makullin ɗakin gyara da ya riƙe shekara tara, ya rasa yardar manaja. Gaisuwar safe da Injiniya take yi masa, wadda ita kaɗai ya taɓa samu a wurinta, ita ma ta tafi.