Ƙwaryar Inna a Kan Amalanke

A can baya, an yi wani mai ɗaukar fim da ya haɗa wa kyamararsa ɗan amalanke da katako da tayoyin tsohon keke, don ta riƙa bin 'yan wasa a hankali. Amma da ya tura, sai hoton ya yi ta rawa.

Innarsa ta ɗora ƙwarya cike da ruwa a kan amalanken, ta ce, "Kai ta bakin zaure bai zube ba, sannan ka ɗora kyamara."

Ya tura, ruwa ya zube. Ya share tsakuwa, ya tura, ruwa ya zube. 'Yan wasa suka gaji da jira, ɗayansu ya raɗa masa, "Rage ruwan mana, ai Inna ta shiga ɗaki."

Ya dubi ƙwaryar, ya sake cika ta fal. Ya tsuguna yana dubawa, har ya gano taya ɗaya a karkace, ya daidaita ta. Ya tura, ko ɗigo bai zuba ba.

Yau Inna ta rasu, amalanken ma gara ta cinye shi. Amma ko a kan sabo na kanti, ƙwaryar nan yake fara ɗorawa.