Dija da Raƙuman Ubanta

"Inna, tukunyar nan ita ma sayarwa za a yi?"

Zaliha, uwar Dija, ba ta ɗago kai ba, tana zaune kan tabarmar takaba. "Kai ta gidan maƙwabciyarmu A'i, ko tiya biyu ta gero ta ba ki. Tun jiya ƙannenki ba su sa komai a ciki ba."

Dija ta dangwarar da tukunyar har ta yi ƙara. Wata uku ke nan da ubanta Malam Buraima ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Gidigir yana cikin cinikin kanwa, ko shurawa bai yi ba. Ga shi shekarar fari ce, 1973, gero ya yi tsada a Gure kamar zinariya. An sayar da akuya, an sayar da gado, an cire yara daga lakwal, makarantar boko. Raƙuma biyar da gidan ke ci da su kuwa, ranar sadakar bakwai Baba Hamma, wan mamacin, ya kora su gidansa. Wai nasa ne, kiwo ya bayar, ga lambarsa a cinyarsu.

"Wallahi Inna, yadda ya sa mu kuka sai ya yi wanda ya fi shi!"

"Kul, Dija! Uban Aisami ne fa."

"Shi ma Aisamin na fasa!"

Aisami ɗan Baba Hamma ne, shi aka ba Dija tun ubanta na da rai, kuma kowa a unguwa ya san irin son da suke yi wa juna. Amma tun ranar da aka kora raƙuman, in ya yi sallama sai ta aika a ce ba ta nan. Geron da ya kawo a ɓoye ma waje ta watsa shi, Inna na kuka tana tsincewa.

Ran nan ba gidan A'i ta nufa ba. Kasuwa ta kai tukunyar ta sayar, ta sayi maganin ɓera ta ƙulle a bakin zane. Da rana tsaka ta isa rijiyar bayan gari inda ake shayar da raƙuman Baba Hamma. An cika komi da ruwa, masu ja sun tafi inuwa. Ta durƙusa tana kwance ƙullin.

"In ba mu ci ba, kai ma ba ka ci," ta ce a ranta.

Caraf aka riƙe mata hannu. Aisami ne!

"Dija! Mene ne wannan?"

"Sake ni, ɗan ɓarawo!"

"Zage ni son ranki. Amma komin nan awakin mutanen unguwa na sha, yara makiyaya ma na kafa baki. Su me suka yi miki?"

Ta dubi ruwan, jikinta ya yi sanyi, amma zuciyar ba ta sauka ba. "To in zauna mu mutu? Kai da ke cewa kana sona, me ka yi?"

Aisami ya sunkuyar da kai. "Abin da na yi ya fi na kowa muni. Ni na riƙe igiya lokacin da Baba ya ɗora wutar lambarsa kan ta Baba Buraima. Tsoron bakin uba ya rufe mini baki."

Ta ɗauke shi da mari. Bai motsa ba.

"To, na cancanci wannan. Ba ni ƙullin, gobe ki same ni gaban alƙali."

"In ubanka ya tsine maka fa?"

"Allah na gani."

Washegari zauren alƙali ya cika. Aisami ya faɗi komai. Aka kawo raƙuman, aka aske gashin cinya, sai ga tsohuwar lamba ƙarƙashin sabuwa. Baba Hamma ya miƙe yana kumfar baki.

"Saboda mace ka tona mini asiri? Kada ka sake taka gidana!"

Dija ta daɗe tana jiran ranar da za ta ga kunyarsa. Ta gani kuwa, tsoho ya fita rawani a warware, yara na bin sa da ido. Sai dai da ta juya ta ga Aisami jingine da bango yana hawaye, daɗin ya koma mata ɗaci.

Alƙali ya ce a mayar wa marayu dukiyarsu. Raƙuma uku suka dawo, fari ya riga ya ci biyu. Aisami ya kama aikin aparanti, wato yaron mota, a babbar motar kamyon da ke jigilar dawar taimako daga Damagaram, yana kwana a tasha. Dija ta ce a ɗaura aure, shi ya ce sai Baba ya huce. Shekara guda suka yi suna jira.

Da damina ta sauka, ciwo ya kwantar da Baba Hamma, waɗanda ke cin tuwonsa duk suka watse. Zaliha ta dama kunu ta miƙa wa Dija.

"Ni zan kai masa? Inna!"

"Ke za ki kai. Jinin ubanki ne."

Ta tafi tana cije leɓe. Haka ta yi ta kaiwa kullum, ta ajiye ta juya. Wata safiya ya riƙe ƙwaryar ya kasa sha.

"'Yar ƙanena, na ci amanar marayu. Ki yafe ni, ki kira mini ɗana."

Dija ta fashe da kuka. "Na yafe, Baba."

Bayan girbi aka ɗaura auren, Baba Hamma da kansa ya yi waliccin amarya.

Da Dija ta zuba gubar nan, da ta rasa raƙuman, ta rasa Aisami, ta ɗauki alhakin waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Mai ramuwa da zafin zuciya kansa yake fara ƙonawa. Wanda aka zalunta ya nemi hakkinsa ta hanyar gaskiya, ya yi haƙuri, sauran ya bar wa Allah.