Alamar da Hiramaya Ta Sa wa Dhanraj

A ƙauyenmu har yau ana cewa Kausila ta ceci Dhanraj ne don kishin juyin juya hali. Ni na koyar da yarinyar nan. Na san tana da kishi, amma ba na ƙasa ba.

Ranar Bhai Tika ce, ranar da mace ke sa wa ɗan'uwanta tika, wato alamar launi a goshi. Dhanraj ya sauko daga sansanin 'yan tawaye don ganin Hiramaya, agolar gidan, wadda uwarta ke auren mahaifin Kausila.

"Hira, zuciyata... yaƙin nan na ƙarewa zan ɗauke ki."

"Bara ma haka ka ce."

Kausila na bakin baranda tana tsire furanni da zare, tana jin su.

Sai ga sojoji. Dhanraj ya ruga ƙofar baya, ta ƙi buɗuwa.

"Wannan fa?" babbansu ya tambaya.

Kausila ta yi murmushi. "Yayan agolarmu ne, ɗan ubanta. Tika ya zo karɓa." Ta miƙa wa Hiramaya farantin launuka. "Sa masa mana, ƙanwata."

Hiramaya ta dubi bindigogin, ta dubi goshinsa.

Ta sa masa, ta rataya masa furanni a gaban uwarta da maƙwabta. Sojoji suka ci waina suka wuce.

"Jam'iyyarmu ba ruwanta da wannan al'ada," in ji Dhanraj a hankali.

"Ni da ruwana... Yaya," in ji Hiramaya.

Wanda mace ta sa wa tika, ba ta aurensa. Ya koma daji, Hiramaya kuma ba ta auri kowa ba.

Bana na je wurin Kausila, shugabar mata ce yanzu.

"Malama, tsufa bai hana ki bincike ba?"

"Daga barandarku ana hango hanya har bakin kogi. Ba ki ga sojojin ba?"

Na ƙara matsa mata.

"Wa ya sa wa ƙofar baya sakata ta waje?"

"Ni na fara ganin Dhanraj, Malama. Hiramaya ta zo ta raba ni da ɗakin uwata, ta raba ni da ubana, sannan shi ma?"

"Ya aure ki?"

"Ko kallona bai sake yi ba."

Kausila ta hango sojojin tun suna bakin kogi. Ta zagaya ta kulle ƙofar baya, ta dawo ta haɗa farantin.