Jar Hanya a Dajin Tsirimanga

“Wa ya ba ka izinin yanka hanya a dajina?”

Malama na tsaye a ƙofar shagon, jakar makaranta rataye a kafaɗarta, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Mai Zane bai juyo ba. Ya ci gaba da wanke burushi a gwangwanin da ruwansa ya riga ya zama kore.

Babu Dajin Tsirimanga a duniyar nan. Su biyu suka ƙirƙire shi tun suna jami'a, ita da baki, shi da fenti. Ita ta raɗa masa suna, shi kuma ya yi ta dariya wai kamar sunan maganin tari. Daji ne da tsuntsu ke tsufa kafin ya ratsa shi, itatuwansa kan yi ƙaura da damina, kogunansa na hawa tudu. Taswirarsa ta cinye bangon shagon kaf. Doka ɗaya gare su: ba ya zana abin da ba ta faɗa ba, ita kuma ba ta sauya abin da fentinsa ya bushe.

Yau ga wata jar hanya ta taso daga tsakiyar dajin, ta fice ta gefen taga. Ta kai yatsa ta taɓa. Ta bushe ƙayau.

Sai a lokacin ya yi magana, kansa a ƙasa. Tun rasuwar yayansa gidansu ya zama babu babba. Idon mahaifiyarsa na ta rufewa, ga marayu, ga shagon marigayin da ke ciyar da su a kulle. Zai koma garinsu, kuma komawar ba ta ziyara ba ce. Ya roƙe ta ta yarda a ɗaura musu aure, su tafi tare.

Ta yi wata 'yar dariya mai ciwo. Ya fi kowa sanin Babanta na kwance da shanyewar ɓarin jiki, ba ya karɓar ko ruwa sai daga hannunta. Shi da kansa ya sha taya ta ɗaga shi zuwa asibiti.

“Shi ne ka kasa faɗa min, ka faɗa wa bango?”

“Na gwada, Zuciyata... wallahi bakina ne ya ƙi.”

“Kar ka sake kira na da sunan nan.”

Ya ɗauko koren fenti, ya ce bari ya shafe hanyar, kamar ba a yi ba. Ta riƙe masa hannu. Wannan ne karo na ƙarshe da ta taɓa shi, kuma ta san da haka.

“Ta bushe. Doka doka ce.”

Ya ce to ta jira shi, ko shekara nawa ne. Ta ce ita ba kayan ajiya ba ce, kuma ba za ta zauna tana ƙirga numfashin ubanta don ta samu miji ba. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tafin hannunsa. Can ya tambaye ta, da muryar da ya saba tambayarta kullum, me zai zana a kan hanyar.

“Mutum ɗaya,” ta ce. “Kuma kar ka sa shi yana waiwaye.”

Ta fita kanta a sama. Har ta gaisa da tela na maƙwabta, har ta yi masa barka da sabon keken ɗinki.

A gida ta tarar da Baba ya jingina da matashi yana jiran ta. Ta ɗumama abinci, ta ɗora masa tawul a ƙirji, ta fara ba shi da cokali. Da harshensa mai nauyi ya tsokane ta, wai yaushe mutanen mai fentin nan za su zo, shi fa ya fara koyon tsayuwa saboda ranar.

“Ya yi tafiya, Baba.”

Ya daina taunawa. Ya daɗe yana kallon ta.

“Sabo... da ni?”

“Kai ma dai Baba! Ni ce na ga bai yi min ba. 'Yarka fa tana da tsada.”

Ta miƙa cokalin. Bai buɗe baki ba. Sai ya ɗago hannunsa mai lafiya a hankali, ya share mata kunci, ya sake sharewa, amma hannu ɗaya bai isa ba.