Ermes Ya Ajiye Makulli

Ƙorafi ne ya kai Ermes ɗakin ɗinkin kujeru ranar da ya fara ganin Nives. Shi ke gwada motocin kamfanin kafin su fita kasuwa, ita kuma fata take ɗinkawa.

"Wa ya ɗinka kujerar motar tseren nan? Ta cinye min baya."

Nives ba ta ko ɗago ba. "Ni ce. An ce a rage nauyi, na rage soso. In laushi kake nema, je ka hau mai buɗaɗɗen kai, irin ta tsofaffin attajirai."

Ya yi dariya, ya kasa tafiya.

Motar iri uku ce: mai rufi, mai buɗaɗɗen kai, sai ta tsere da aka cire mata har rediyo. Ta ukun nan ita ce ran Ermes. In ya taka ta a filin gwaji, allura kan tsaya a hannun Nives har sai ta ji ya kashe inji.

Ya turo mata saƙo: "Allurata, yau motar ta haura kilomita ɗari uku a awa ko girgiza ba ta yi ba. Ke kaɗai ke sa gabana faɗuwa."

Ta amsa: "Ɗan ganganci. Kai dai ka dawo min da ƙafafunka."

Ranar Lahadi ya je gidansu a garin Modena neman aurenta. Mahaifinta, Gualtiero, ya bari har aka zuba taliya kafin ya yi magana.

"Yaro, ka san Loris? Yayanta ne. Irin aikinka ya yi. Hular kwanonsa kawai aka kawo min ba ta ƙone ba. Ba zan sake zaman jiran waya ba. Ci abincinka ka tafi."

Tsohon yana da nasa zaɓin, wani likitan haƙori mai suna Ottavio, wanda ya sayi mai buɗaɗɗen kai yana tuƙa ta kamar mai ɗauke da ƙwai. Wata yamma Gualtiero ya sa shi ya ɗauko Nives daga aiki. Ermes ya gan su a bakin ƙofa.

"Ashe laushin ke ma kina so," ya rubuta mata.

"Baba ne ya turo shi. Amma ka ji gaskiya: a motarsa ban yi addu'a ba. Kullum ka fita sai na yi. Na gaji, Ermes."

Da sati ya zagayo Ermes ya miƙa makullin motar tseren, ya roƙi a mai da shi sashen duba birki. Abokan aiki suka yi ta tsiya, wai zaki ya koma cin ciyawa. Da Gualtiero ya ji labarin ya bar tuƙin gwaji, sai ya amince da auren.

Aka ɗaura aure a ƙaramin cocin unguwarsu. Gualtiero ya haɗa hannayensu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ku tsufa tare, shi kaɗai nake roƙo."

Ana cikin cin abinci a farfajiya, wata ƙara ta taso daga hanyar tsauni. Sabon samfurin motar tseren ne, wanda Ermes ya yi shekara biyu yana jira, wani yaro daban ke tuƙawa. Cokali ya tsaya a hannun ango.

"Ya yi saurin canja giya," ya faɗa a hankali.

Nives ta ga idonsa ya cika. Ta kama hannunsa a ƙarƙashin tebur.

"Ka yafe min, masoyina."

"Me kika yi?" Ya sumbaci goshinta. "Tashi mu yi rawa, ga Baba can yana kallonmu."

Suka tashi. Ta kwantar da kai a ƙirjinsa, tana jin bugun zuciyarsa, tana godiya, tana kuka.