Sunan da Nomau Ya Haɗiye

Ku matso, ku rage murya. Indo, sauke ƙafarki daga bakin ƙofa.

Waƙar nan ta Nomau mai gurmi, wadda ba a tashi biki sai an sa ta, ba shi ya ƙago ta ba. Ba shi ita aka yi.

Kafin ita, shekara ashirin yana kiɗa, ko kaji ba sa ɗaga kai. Tun da maigidansa Sarkin Kiɗa Ɗangoje ya fita wata rana bai dawo ba, Nomau ya zama maraya a sana'a. Matarsa Hansai takan ce gara ya kama fartanya. Abin na ci masa rai.

Wata Laraba da damina, yana dawowa daga kasuwa shi kaɗai, ya yanke ta hanyar fadama. Rana tsaka. Ba tsuntsu, ba iska. Sai ya ji gurmi.

Bai taɓa jin kiɗa irinsa ba. Ga amshi kuma, muryoyi kamar shida, a hankali.

Ya bi sautin har gindin wani gawo. Kun san gawo, da damina ba ya da ganye. Amma ga inuwa luf a ƙarƙashinsa, ga wani dogon dattijo zaune da gurmi a hannu, ya rufe ƙafafunsa da riga. Nomau ya ga inuwar, ya kau da kai. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ya yi sallama. Dattijon bai amsa ba, ya dai ce, "Zauna, ɗana. Ɗauki waƙar nan."

Sau uku ya rera, sau uku Nomau ya bi. Bakin dattijon na motsi, amma muryar daga cikin ƙwaryar gurmin take fitowa. A na ukun waƙar ta zauna masa daram.

Da ya tashi ya tafi a nan, da shi ke nan. To amma ɗan sana'a ne. A wurinsu mawaƙi ba ya cin kyauta bai ambaci mai ita ba, wannan butulci ne. Ya durƙusa.

"Baba, wa zan ce ya ba ni?"

Dattijon ya yi murmushi. "Kai ka tambaya."

Ya sunkuyo ya raɗa masa suna a kunne. Numfashinsa sanyi ƙalau, kamar ruwan randa.

Sai a lokacin Nomau ya waiga. "Baba, ina 'yan amshinka?"

"Ga su nan. Su ma sun tambaya. Sun kuma ambata."

Amshin ya sake tashi daga cikin itacen. A ciki akwai wata murya mai ɗan kaushi, mai jan ƙarshen baiti. Nomau ya san ta kamar yunwar cikinsa. Ɗangoje ne.

Bai san lokacin da ya kai gida ba. Takalminsa ɗaya har yau yana fadama.

Waƙa ta yi suna, ta zaga gari gari. Amma duk sanda ya kai gurbin da ake wasa mai kyauta, sunan nan sai ya taso masa har kan harshe. Sai ya datse haƙora, ya bar gurmi ya cike gurbin. Wani lokaci har jini. Mutane suka ce salo ne. Abokan sana'a suka ce butulu ne, ba ya faɗin malaminsa. Ya shanye. Ko a barci, da rawani yake ɗaure haɓarsa. Hansai kaɗai ya gaya wa dalili, ita ma ban da sunan.

Shekara talatin da huɗu a haka.

Da ciwon ajali ya zo, zazzaɓi ya kama shi, ya ji harshen yana neman ƙwace masa. Liman na zaune a gefensa yana laƙƙana masa kalmar shahada.

"Faɗi, Nomau."

Yana so. Wallahi yana so. Amma ga sunan nan a gaba, ya tare ƙofa. In ya buɗe baki, bai san wanne zai riga fita ba. Tsoro ya cika shi, hawaye na bin kunnensa.

Hansai ta matso. "Malam, a bar shi. Zuciyarsa na faɗa."

Ta ɗora tafinta a kan leɓensa, ta danne. Nomau ya dube ta. A hankali ya ɗaga manuniyarsa ta dama, ita kaɗai, ya miƙe ta sama. Haka ya cika, baki a rufe.

Masu kiwo sun ce amshin gawon nan bai ƙaru ba. Allah ya sa haka ne. Amma wa ya taɓa tsayawa ya ƙirga?

Saboda haka kada ɗayanku ya bi fadama shi kaɗai da rana tsaka. In kuwa kun ji kiɗa, komai daɗinsa, kada ku tambayi mai shi.