Bargon Kujerar Baya

"Na ce ba za ki je ke kaɗai ba."

"Yaya Lantana, tikitina ne fa. Ke da kika je, kada ne ya cinye ki?"

"Ki mayar musu da abinsu."

"Ba a mayarwa. In baƙin ciki kike yi, ki fito fili ki faɗa."

An idar da sallar isha, an ɗauke wuta, mutanen gida sun kewaye kaskon gawayi a ɗakin Goggo Tabawa. Shamsiyya, 'yar ƙanin baban Lantana, ita ce ta sayi tikitin yawon jirgin ruwa a Yawuri, irin mai arahar nan da ake tashi da sassafe a zaga tsibirai a ga dorina. Ƙawar da za su tafi tare ta fasa. Ita kuwa ta rantse ranar Asabar sai ta je.

Lantana ta dubi ƙafafunta. Safa uku ce a kowace ƙafa, kuma duk gidan sun san da haka, har tsokanarta ake yi. Sun kuma san ta da kwaikwayon murya: ladan, mai tallan kalanzir, ita kanta Goggo in tana faɗa, babu wanda ya tsira. Abin da ba su sani ba shi ne, shekara uku ke nan tana ba su labarin tafiyar nan tata ba tare da ta faɗi rabinsa ba.

Ta ce a rufe ƙofa. Ta ce wanda ya yi dariya, ta fasa. Ga abin da ta faɗa musu.

A shekarar, Lantana tana aiki a wani shagon sayar da turare a Kontagora. Ta cika wa abokan aikinta baki, wai za ta yawon jirgin ruwa irin na masu hali. Ba ta gaya musu jirgin katako ne mai inji ɗaya da rumfar buhu ba. Ba ta gaya musu arahar tasa don ana tashi cikin tsananin sanyi ne ba, lokacin da masu hankali suke ƙudundune a gado.

Ta isa bakin ruwa gari bai gama wayewa ba, cikin abaya mai faɗi amma shara-shara, da takalmi mai tsini. Ba rigar sanyi. Rigar sanyi tana ɓata hoto.

Mai jirgin tsoho ne, Baba Nomau. Muryarsa a shaƙe take, kamar ana jan buhun tsakuwa a ƙasa, kuma ba ya fara magana sai ya ce "sannu-sannu, ɗiyata." Yana tsaye a bakin jirgi yana miƙa wa kowane fasinja bargo ɗaya, toka-toka, mai ƙarnin kifi. Da ya miƙo mata, ta riƙe shi da yatsa biyu, ta shinshina, ta mayar. Sannan ta shaƙe murya ta ce wa na bayanta, "Sannu-sannu, ɗiyata, ga tarun kifi ki yafa."

Jirgi ya kwashe da dariya. Baba Nomau ya juya ya ba wata mai goyo bargon, ta ƙara wa jaririyarta a kan nata.

Ya tambayi Lantana da wa ta zo. Ta ce ita kaɗai. Ya ce benci bibbiyu ake zama, wanda ya zo shi ɗaya sai dai kujerar baya, bayan jarkokin mai. Ya raka ta. A gefen da babu kowa akwai bargo, a ninke gida huɗu.

"Wannan na baƙuwa ne. Ba a taɓawa."

Ta tambaye shi baƙuwar tana ina. Ya ce tun zamanin mahaifinsa ake ajiye mata in sanyi ya shigo, kuma bai taɓa tambaya ba. Ya koma wajen inji.

Suka tashi.

Sanyin tudu daban, na ruwa daban. Wannan ta ƙasan katako yake shigowa, ya kama tafin ƙafa, ya hau. Kafin su bar ganin fitilun gari, haƙoranta sun fara haɗuwa. Ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto, yatsa ya ƙi lanƙwasuwa. Kowa ya lulluɓe, in mutum ya yi magana sai ka ga tururi yana fita daga bakinsa.

Ta so ta kira tsohon ta ce ya taimaka mata. Da wane baki? Da wanda ta yi masa tarun kifi?

Ta kalli gaba. Duk sun ba ta baya. Jarkoki sun kare ta. Ta miƙa hannu a hankali ta jawo bargon, ta ɗage abaya ta naɗe shi tun daga ƙugu har idon sawu, ta sake abayar ta rufe. Ɗumi ya ratsa ta nan take, ɗumin da ya fi ƙarfin bargo, kamar yanzu wani ya tashi daga cikinsa.

Ba a jima ba farin tururi ya taso daga ruwa. Ya cinye gaɓa. Ya cinye tsibirin da suka nufa. Inji ya yi tari sau biyu ya mutu.

Shiru. Ko motsin ruwa a jikin jirgi babu.

Baba Nomau bai taɓa injin ba. Ya taso kai tsaye, yana tsallake ƙafafun mutane, har baya. Ya dubi wurin da bargon yake. Ya dube ta.

"Ɗiyata, kin ga wanda ya ɗauka?"

"Ni ban ga komai ba."

Ya juya ya roƙi jama'a, ya ce duk wanda ya ɗauka ya mayar, ba faɗa ba ne, amma jirgi ba zai motsa ba. Aka shiga kallon juna. Wani mai hular sanyi ya nuna mai goyo ya ce ga mai bargo biyu nan. Wata ta ce dama tun ɗazu ta lura da take-takenta. Baba Nomau ya ce shi da hannunsa ya ba ta, amma hayaniya ta danne shaƙaƙƙiyar muryarsa.

Matar ba ta yi musu ba. Ta yaye bargon daga jikin jaririyar, ta ninke gida huɗu, ta taso ta ajiye shi a gefen Lantana. Ko kallonta ba ta yi ba. Ta koma. Jaririyar ta fara wani ɗan tari, siriri, ba ƙarfi.

Lantana ta sunkuyar da kai. Ƙafafunta suna cikin ɗumi.

Tsohon ya girgiza kai ya ce baƙuwa ba za ta karɓa ba, ta san nata. Duk da haka ya je ya ja igiyar inji. Sau uku. Ko tari bai yi ba.

Sai bencin ya ɗan nutsa, kamar an zauna.

Tsohuwa ce, ƙarama, da zane ɗaya ɗaure a ƙirji. Ruwa na ɗiga daga gashinta. Ba ta rawar sanyi. Lantana ta kalli ƙasa don kada su haɗa ido, sai ta ga ƙafafun. Yatsun dogaye ne, fata ta haɗe tsakaninsu kamar na agwagwa, ga yashi a kai. Ruwa ya fara taruwa a inda ta taka.

Tsohuwar ta buɗe baki. Tururi bai fito ba.

"Ni ban ga komai ba," in ji ta.

Muryar Lantana ce. Tata ta kanta, har da ɗan jan hancin da take yi in tana ƙarya.

Hannu mai sanyi ya shiga ƙarƙashin abayar, ya kamo gefen bargon, ya ja shi ya rufe gwiwoyin tsohuwar.

"Matso. Mu rufa tare."

Lantana ta kasa motsi.

"Wadda muka rufa tare, tare muke sauka."

Tsohuwar ta nuna ruwa da haɓa. Baƙi ne wuluk, a kwance, kusa ƙwarai. Ɗumin ya fara zarewa daga ƙafafun Lantana, yatsa bayan yatsa. Mutane suna can suna gardamar inji, babu wanda ya waiwayo. Mai hular sanyi ma ya leƙo baya ya ɗauki jarka, ya miƙa hannu ta gaban fuskar tsohuwar, ya wuce.

Lantana ta buɗe baki za ta yi ihu. Abin da ya fito muryar mai tallan kalanzir ce. Ta sake gwadawa, muryar ladan. Ta sake, sai ga Goggo Tabawa tana faɗa a tsakiyar kogi. Wasu suka yi dariyar dole. Wata ta ce ta ji tsoron Allah ta yi wa mutane shiru, yanzu lokacin wasa ne? Duk muryar da ta fito, sai ta ji ta fice ba ta dawo ba. Tsohuwar tana haɗiye wani abu a hankali, maƙogwaronta yana motsi.

Sanyin ya kai gwiwa. Jirgin ya karkata ta gefensu. Ruwa ya taɓa bakin katako.

Jaririyar ta sake tari.

Murya ɗaya ta rage mata a wuya. Ta san ko ta wane ne, kuma ta gwammace a ce kowace ce ban da ita. Ta dafa jarka ta miƙe. A gaban maza da mata ta tattare abayarta sama, ta shiga warware bargon daga ƙugunta, zagaye bayan zagaye. Duk jirgin ya juyo.

"Ni na ɗauka," ta ce, da muryar Baba Nomau, a shaƙe, kamar ana jan buhun tsakuwa. "Ina zaune a kai aka yaye na jaririya."

Ba wanda ya yi dariya. Da ma an yi.

Tsohon ya zo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ta ninke gida huɗu, ta ajiye da hannu biyu, ta ba da haƙuri, kuma ba shi za ta ba wa ba. Ta yi. Sannan ta ɗauki ɗaya bargon, ta bi tsakiyar jirgi, mutane suna janye ƙafafunsu kamar kada ta shafe su. Ta durƙusa ta lulluɓe jaririyar. Ta so ta ce wa uwar wani abu. Babu muryar da za ta faɗa da ita.

Da ta koma baya, tsohuwar ta yafa bargonta har ka. Ido kawai ake gani.

"Ga muryarki," ta ce. "Ɗumin ƙafar na riƙe."

Bencin ya ɗago. Sai bargo a ninke, da ɗan ruwa a ƙasa.

Ja ɗaya injin ya tashi.

An ga dorina, uwa da ɗanta. Rana ta fito. An raba shayi da biredi kamar yadda aka yi alkawari a tikiti, amma mai rabon ya tsallake kujerar baya, kuma ba mantuwa ya yi ba. Sai ga mai goyon nan ta taso, ta miƙo mata nata kofin, ta ce ta sha, ta ga leɓenta ya yi fari. Lantana ta ce duk abin da ya same ta ran nan, har da ƙafar agwagwa, bai kai karɓar kofin nan ciwo ba.

Da suka sauka, ta laɓe har kowa ya watse, sannan ta je ta durƙusa wa Baba Nomau. Yana naɗe igiya.

"Sannu-sannu, ɗiyata," ya ce. "Da kin roƙa, da rigata zan cire in ba ki."

Ya ce shi ya sa ba ya son mutum ya zo shi kaɗai. Mai abokin zama, in ya miƙa hannu inda bai dace ba, akwai mai buge masa.

Ranar Litinin ta koma shago ta ce musu tafiya ta yi daɗi, har da kujeru masu katifa.

Gawayin kasko ya fara toka. Babu mai motsi a ɗakin. Shamsiyya ta yi ƙarfin hali ta ce ai Yaya Lantana ta iya tsara labari, wa ya san ko wannan ma kwaikwayo ne.

Lantana ta miƙe ƙafar dama kusa da wuta. Ta cire safa ta farko. Ta cire ta biyu, da ɗan danshi. Ta ukun sai da ta matse ta, ruwa ya ɗiga cikin kasko ya yi cuu. Tsakanin yatsunta akwai yashi, fari, mai laushi, irin wanda babu shi a Kontagora.

"Taɓa," ta ce.

Shamsiyya ta taɓa da yatsa ɗaya, ta janye da sauri, ta cusa hannun a hammata.

"Duk shekara, daga shigowar sanyi har fitarsa. Ban hana ki ganin dorina ba. Amma ki nemi abokiyar zama. Abin da aka miƙo miki ki karɓa, ko da warin me yake. In kuwa aka ce ke kaɗai ce, sai kujerar baya, ki sauko ki hau mota ki dawo gida."

Ta fara mayar da safar, kanta a ƙasa. Ba ta yarda ta haɗa ido da kowa ba.

Can daga kan gado, inda kowa ya ɗauka ta yi barci tuntuni, Goggo Tabawa ta gyara kwanciya.

"To shi bargon baƙuwar, in zafi ya shigo, ba sa bayar da aronsa? Nawa duk ɓera ya cinye."